Gajiya, Aiki da Warkewa: Matsalar Ma'ana a Hausar Asibiti, Misali daga Vom

1.0 Gabatarwa

Masana harsunan Nijeriya sun daɗe suna tattauna batun samar da kalmomin fannu, sai dai mafi yawan ƙoƙarin da aka yi a ɓangaren Hausa ya tafi ne wajen nahawu da adabi da darussan makaranta. Littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya kuma fito a 1990, shaida ne a kan haka. Hausar da ake yi tsakanin likita da majinyaci ba ta samu irin wannan kulawa ba, alhali kuwa a nan ne rashin fahimtar kalma guda yake iya zama sanadin rasa rai.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin wasu larurori biyu da likitoci suka ƙara fahimta daga shekarun 1970 zuwa yau, sannan ta duba yadda Hausa take ɗaukar su. Ta farko ita ce gajiyar aiki mai tsanani a wurin mai ciwon zuciya. Ta biyu ita ce dawowar ciwon hanji bayan an yi wa mutum tiyata. Abin da ya haɗa su shi ne, dukansu biyu sukan ɓuya, ba a kama su da wuri sai majinyaci ya faɗi gaskiyar abin da yake ji, ko kuma ya fahimci dalilin da ya sa aka ce ya dawo asibiti alhali yana jin kansa garau. Takardar za ta nuna cewa kalmomin gajiya da aiki da warkewa, a yadda aka saba amfani da su, sukan rufe waɗannan larurori maimakon su bayyana su. An ɗauki garin Vom a matsayin misali, kuma jumlolin da aka kawo na Hausar yau da kullum ne.

2.0 Vom da Matsayin Hausa a Cikinta

Vom gari ne na Berom a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, a kan tsaunin Filato, a tudun da ya haura mita 1,200. Ya yi suna da cibiyoyi biyu. Akwai Asibitin Kirista na Vom, wanda mishan ɗin Sudan United Mission ta kafa a 1922, Dakta Percy Barnden ya aza harsashinsa, daga baya kuma ya koma hannun cocin COCIN. Akwai kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, wadda ta samo asali daga ɗakin binciken da aka kafa a garin a 1924. Ban da waɗannan, akwai makarantar koyon aikin jinya da unguwarzoma, ga kuma Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa da aka buɗe a Kuru, maƙwabciyar Vom, a 1979. Saboda haka garin ya tara ma'aikatan albashi daga sassa daban-daban na ƙasa, ga manoman dankalin Turawa da kayan lambu, ga masu haƙar kuza, ga Fulani makiyaya.

Hausa ba ita ce harshen uwa ga mafi yawan waɗannan mutane ba, amma ita ce harshen da ya haɗa su. Kasuwanci da aikin kuza sun yaɗa ta, coci kuma ya ƙarfafa ta, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ke nan abu ne da aka saba gani a Filato, ma'aikaciyar jinya Angas ta yi wa tsoho Berom tambaya da Hausa, sannan ta rubuta amsarsa da Ingilishi. Maganar majinyaci takan ratsa harsuna uku kafin ta isa takardar likita, kuma a kowace tsallakawa wani abu yana iya faɗuwa.

Akwai kuma batun furuci. Sanannen abu ne cewa da yawa daga masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu ba sa bambanta baƙaƙe masu ƙugiya da takwarorinsu marasa ƙugiya. A kasuwa wannan ba ya hana ciniki, amma a asibiti yana da nauyi, domin ga irin tagwayen kalmomin da abin yake shafa:

(1) a. ƙashi / kashi
b. gaɓa / gaba
c. ƙoda / ko da

Wanda ya zo da ciwon hanji, bayaninsa a kan kashi shi ne rabin ganewar cutarsa. Wanda ya zo da ciwon zuciya kuwa yakan nuna gabansa, wato ƙirjinsa, ita kuma kalmar gaba ana sakaya al'aura da ita. Tsawon wasali da karin sauti da muhallin magana sukan warware rikicin a mafi yawan lokuta, amma ba kullum ba.

3.0 Gajiyar Aiki da Ciwon Zuciya

3.1 Abin da Likitoci Suka Gano

Kalmar Ingilishi burnout ta shiga bakin masana ne a 1974, lokacin da Herbert Freudenberger ya yi amfani da ita wajen siffanta halin da ya ga masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta na birnin New York sun shiga. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da jerin tambayoyin auna ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rabe-raben cututtuka, bugu na 11, inda ta ce ba cuta ba ce a karan kanta, yanayi ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Hukumar ta ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa ganin baƙinsa, da raguwar iya aikin.

Dangantakar wannan yanayi da zuciya ta fito a bincike da dama. A ƙasar Holan, Ad Appels na Jami'ar Maastricht ya nuna tun a shekarun 1980 cewa wata irin gajiya da barci ba ya kawar da ita, haɗe da saurin fushi da karaya, takan gabaci toshewar jijiyar zuciya. A 2012 Sharon Toker da abokan aikinta suka buga sakamakon bin diddigin ma'aikata 8,838 a Isra'ila. Sun samu cewa kashi ɗaya cikin biyar da suka fi kowa wannan gajiya, haɗarin kamuwarsu da cutar jijiyoyin zuciya ya ɗara na sauran da kashi 79 cikin 100. Game da waɗanda suka riga suka kamu kuwa, wani bincike da aka buga a 2007 ya bi mutum 972 a lardin Kubek na Kanada, waɗanda suka koma bakin aiki bayan toshewar jijiyar zuciya ta farko. Waɗanda suka daɗe cikin matsin aiki, haɗarin sake kamuwarsu ya ninka. Haka kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya.

Hanyar da abin yake bi ba ɓoyayya ba ce. Matsin da ba ya yankewa yana sa jiki ya yi ta fitar da sinadaran da ke hanzarta bugun zuciya, su kuma ɗaga jini. Barci yakan lalace. Wanda ya gaji da komai kuma shi ne yake mantawa da shan magani, ya tsallake ranar ganin likita, ya ƙara shan taba ko giya. A ƙasashen Afirka ta kudu da Sahara, hawan jini ne kan gaba wajen raunana zuciya. Wani bincike na 2012 da ya haɗa majinyata 1,006 daga ƙasashe 9, har da Nijeriya, ya samu hawan jini a matsayin sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, matsakaicin shekarunsu kuma 52. Ke nan mai ciwon zuciya a nan galibi mutum ne da ke tsakiyar neman abinci, wanda iyali suka rataya a wuyansa.

3.2 Gajiya a Gaisuwa da Gajiya a Jiki

Idan likita yana son ya gano wannan yanayi, dole ya yi tambaya. A nan ne matsala ta farko take, domin kalmomin da zai yi tambayar da su tuni gaisuwa ta mallake su, ta kuma tanadar musu amsa:

(2) a. Ina gajiya? — Ba gajiya.
b. Ina aiki? — Aiki da godiya.
c. Yaya jiki? — Da sauƙi.

Amsoshin da ke cikin (2) ba labari suke bayarwa ba, ladabi ne da godiya ga Allah. Majinyacin da ke kan gargara ma idan aka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Saboda haka idan ma'aikaciyar jinya ta ce, “Baba, akwai gajiya?” shi kuma ya ce, “Ba gajiya, Sista,” gaisawa kawai suka yi, ba a yi tambaya ba, ba a kuma ba da amsa ba. Kuskuren shi ne a rubuta wannan amsa a takarda a matsayin shaidar lafiya.

Matsala ta biyu ita ce darajar da al'ada ta ba gajiya. Gajiyar aiki abin yabo ce, shi ya sa ake yi wa mutum sannu da aiki, ake kuma yi masa ban-gajiya bayan hidima. Wanda ya yawaita kukan gajiya kuwa, ana iya jifansa da ragwanci ko kasala ko mutuwar zuciya. Magidancin da ke tsoron a kira shi rago ba zai buɗe baki ya ce aiki ya fi ƙarfinsa ba.

Matsala ta uku ita ce, gajiya ita kanta alama ce ta raunin zuciya. Zuciyar da ta kasa tura jini yadda ya kamata takan sa mutum haki idan ya hau tudu, ƙafafunsa su kumbura, ya kasa kwanciya rigingine. Kalma ɗaya ke nan take ɗauke da abubuwa uku: gajiyar da hutu yake warwarewa, gajiyar raunin zuciya, da gajiyar da matsin aiki ya tara. Tarihin likitanci a Arewa ya nuna yadda abin da aka saba da shi yake ɓoye cuta. A shekarun 1970 Davidson da Parry suka yi nazarin raunin zuciyar da ke kama mata masu jego a Zariya, suka danganta yawansa da shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Kumburi da kasala a wurin mai jego abubuwa ne da ba a cika ɗauka da zafi ba, don haka ba kowa ke hanzarin kai ta asibiti ba.

3.3 Zuciya

Kalmar zuciya ma fuska biyu gare ta. Tsoka ce a ƙirji, kuma ita ce mazaunin fushi da niyya da tunani:

(3) a. Ya yi zuciya.
b. Yana da zafin zuciya.
c. Zuciyarsa ta mutu.
d. Ɓacin rai ya sa masa ciwon zuciya.

Babu ɗaya daga (3a) zuwa (3c) da ya shafi tsokar. Misali na (3d) kuwa ya nuna cewa Bahaushe ya riga ya yarda damuwa tana taɓa zuciya, wanda hakan ƙofa ce mai kyau ga likita. Sai dai damuwar da aka sani ita ce ta baƙin ciki, kamar rashi ko cin amana ko karayar arziki. Ba a saba lissafa aiki a cikinsu ba, tun da aiki abin godiya ne. Haka nan kafofin watsa labarai sun saba cewa wane ya rasu sakamakon bugun zuciya, alhali bugu shi ne aikin kowace zuciya mai rai. Toshewar jijiyar zuciya ya fi bayyana abin da ya faru.

3.4 Neman Suna

Fassara kalmar Ingilishin kai tsaye da ƙonewa ba za ta yi ba, domin ƙuna a Hausa ta riga ta tafi ga takaici, kamar a ƙunar rai da ƙunar zuci. Abin lura shi ne Hausa tana da kalma ga kowace ɗaya daga alamomi ukun da aka ambata a 3.1:

(4) a. Ya jigata, ya gaji tiɓis, ko ya kwana ba ya warware.
b. Ya ƙosa, aikin ya fita daga ransa.
c. Ya karaya, yana ganin ba ya tsinana komai.

Abin da ya rage shi ne sunan da zai tattara su. Ana iya duba kalmar kanta, wadda ake amfani da ita ga dauɗa ko bashi ko wata matsala da ta taru ta daɗe har ta kafu. Idan aka ce kantar gajiyar aiki, mai sauraro zai gane cewa ba gajiyar yini ɗaya ake nufi ba, sunan kuma bai ɗora wa mai ita laifin lalaci ba. Wajen tambaya kuwa, ya kamata a kauce wa siffar gaisuwa, a nemi labari: “Baba, in ka kwana ka tashi, jikin yakan warware?” ko “Mama, yaushe rabonki da ki ji daɗin zuwa wurin aiki?” Irin waɗannan ba su da amsar da aka haddace.

4.0 Dawowar Ciwon Hanji Bayan Tiyata

4.1 Ciki, Hanji da Aiki

Ciki kalma ce mai faɗi: tumbi ne, juna biyu ne, mazaunin farin ciki da baƙin ciki ne. Ciwon ciki kuma ya tattara komai, daga ƙwannafi zuwa murɗewar hanji. Ba wai Hausa ta rasa sunayen kayan ciki ba ne, domin mahauta sun bambanta tumbi da hanji da hanta da saifa da matsarmama. Sai dai majinyaci ba ya ganin cikinsa, don haka yakan koma ga sunaye irin su basir da atuni da gyambon ciki. Basir musamman ya zama rumbu, ana zuba masa zubar jini ta dubura da kumburin ciki da taurin bayan gida da raunin mazakuta. Lewis Wall, a littafinsa Hausa Medicine na 1988, wanda ya gina a kan zamansa a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ya nuna cewa rabe-raben cututtuka na Bahaushe suna da tsarinsu, wanda bai zo daidai da na asibiti ba. Haɗarin shi ne, jinin da aka kira basir yana iya zama na sankarar hanji.

Ita kanta tiyata sunaye uku gare ta. Akwai tiyata, wadda aka aro daga sunan ɗakin da ake yin ta a Ingilishi. Akwai fiɗa, daga sana'ar mahauta. Akwai kuma aiki, wanda ya fi yawa a bakin jama'a:

(5) a. An yi masa aiki.
b. Aikin ya yi kyau.
c. An gama aiki.

A tunanin mai magana, aiki abu ne mai farko da ƙarshe, kamar gini ko noma. In an gama, an biya, sai a tashi. Wannan tunani ne yake bin majinyaci gida.

4.2 Misalin Cutar Crohn

Cutar da ta fi fito da wannan matsala fili ita ce wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka siffanta a New York a 1932, take kuma ɗauke da sunansa. Kumburi ne da gyambo mai daɗewa a bangon hanji, galibi a ƙarshen ƙaramin hanji, mai sa murɗa da gudawa da rama, wani lokaci ya toshe hanjin ko ya huda shi. Idan abin ya kai haka, sai a yanke ɓangaren da ya lalace a haɗe sauran. Amma yankan ba ya raba mutum da cutar. A 1990 Paul Rutgeerts da abokan aikinsa a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka buga sakamakon bin majinyata 89 da aka yi wa irin wannan aiki, suna duba hanjinsu da na'urar leƙa hanji, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta dubura. Cikin shekara ɗaya, kashi 73 cikin 100 sun sake yin gyambo a kusa da mahaɗin, amma kashi 20 kacal suke jin wani ciwo. Bayan shekara uku, masu gyambo sun kai kashi 85, masu jin ciwo kashi 34.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce cutar takan riga jin ciwo dawowa. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya da New Zealand, aka buga a 2015, ya nuna amfanin sanin haka. Waɗanda aka leƙa hanjinsu wata shida bayan aiki, aka ƙara musu magani in da buƙata, kashi 49 cikin 100 ne cutar ta dawo musu a wata 18, waɗanda ba a leƙa ba kuwa kashi 67. An kuma tabbatar cewa shan taba yana ƙara haɗarin dawowarta ƙwarai.

A da ana ɗaukar wannan cuta ta Turawa ce. Denis Burkitt, wanda ya tattara bayanai daga asibitocin mishan na Afirka, ya lura da ƙarancin cututtukan babban hanji a ƙauyuka, ya danganta hakan da cin abinci mai dusa da harza. Amma wani nazari da aka buga a 2017 ya nuna cewa tun daga 1990 cututtukan kumburin hanji suna ƙaruwa a ƙasashen Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu da ke komawa rayuwar birni. Bugu da ƙari, cutar tana kama da tarin fuka na hanji ƙwarai, har likitoci sukan sha wuya wajen bambanta su.

4.3 Dawowa Iri Huɗu

A asibitocin Arewa, abubuwan da suka fi kai mutum ga aikin hanji su ne hujewar hanji saboda taifot, da gwaiwar da ta shaƙe hanji, da murɗewar hanji, da tarin fuka na ciki, da sankara. Idan majinyaci ya koma asibiti bayan watanni, jumla ɗaya yake faɗa, wato ciwon ya dawo. A wurin likita kuwa wannan jumla tana iya nufin abubuwa huɗu:

(6) a. Cutar da ma tana nan kwance, sai ta farka, kamar cutar Crohn ko sankara.
b. An yanke shan magani kafin wa'adi, kamar tarin fuka, wanda maganinsa yake ɗaukar aƙalla wata shida.
c. An sake kamuwa daga waje, kamar taifot daga gurɓataccen ruwa.
d. Tabon aikin ne ya manne hanji da hanji har ya toshe, ko da bayan shekaru.

Kowanne da abin da ake so majinyaci ya yi: na farko ya riƙa zuwa dubawa, na biyu ya ƙarasa magani, na uku ya gyara ruwan sha, na huɗu ya garzayo da zarar ya ga amai da kumburi da rashin fitar iska. Idan suna ɗaya aka ba su duka, majinyaci yakan yanke hukunci ɗaya, cewa aikin asibiti bai yi ba, sai ya juya ga masu maganin basir. Hausa tana da abin da za ta raba su: tasowar ciwo ga (6a), tun da abin da yake kwance ne yake tasowa, ragowar ciwo ga (6b), sabon kamu ga (6c), da illar tabo ga (6d).

4.4 Nahawun Sallama

Wurin da nahawu ya fi shiga wannan batu shi ne ranar sallama. A rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, giredi na 4, mai ƙarewa da wasalin -e, yana ɗauke da ma'anar game aiki gaba ɗaya. A kwatanta:

(7) a. An yanki hanjin. / An yanke hanjin.
b. An ciri wani abu. / An cire ciwon.
c. Ya samu sauƙi. / Ya warke.

Jumlolin da ke hannun dama duk suna sanar da ƙarshen magana. Likitan da ya ce an cire wurin da ya lalace gaskiya ya faɗa, amma idan mai fassara ya taƙaita ya ce, “Baba, an cire ciwon, ka warke,” ya yi alƙawarin da tiyata ba ta yi ba. Wanda aka ce wa ya warke, ba shi da dalilin kashe kuɗin mota ya dawo bayan wata shida, balle ya yarda a zura masa bututu alhali ba ya jin komai. Ga mai cuta irin ta (6a), aikatau da suka dace su ne lafa da kwanta: ciwon ya lafa, ya kwanta, amma saiwarsa tana nan. Karin maganar kashe maciji ba a sare kansa ba ta isa ta bayyana wa kowane mai jin Hausa abin da alƙaluman Rutgeerts suke nufi.

5.0 Inda Larurorin Biyu Suka Haɗu

Kalmar aiki ita ce mahaɗarsu. Wanda aka yi wa aiki yana gaggawar komawa aiki, domin jinya ta cinye abin hannunsa. Manomin dankali ba zai bar damina ta wuce shi ba, ma'aikacin albashi kuma yana tsoron a ce ya cika fashi. Idan ya kasance yana da hawan jini ko raunin zuciya, ga ramar jinya, ga bashin asibiti, ga aikin da ya taru, to kantar gajiya ta samu wurin zama. Ita kuma, kamar yadda aka gani a 3.1, ita ce take sa a bar magani a kuma tsallake ranar dubawa, wato abubuwa biyun da suke tsare dawowar ciwon hanji. Sannan idan rama da kasala suka bayyana, shi da iyalinsa za su ce gajiyar aiki ce. A gefe guda kalmar warkewa ta sallame shi, a ɗaya gefen kalmar gajiya ta ba shi uzuri.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi bayanin kantar gajiyar aiki a wurin mai ciwon zuciya, da dawowar ciwon hanji bayan tiyata, ta kuma nuna cewa tambayar gajiya takan faɗa cikin gaisuwa, ciwon ciki da basir sun yi faɗi da yawa, aikatau na giredi na 4 kuma suna rufe maganar da ya kamata a bar ta a buɗe. Gyaran bai buƙaci aro mai yawa ba, domin jigata da ƙosawa da karaya da kanta da lafawa da tasowa duk suna cikin harshen. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓe su, a daidaita su, a koyar da su. Wannan aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin sassan harsunan Nijeriya da makarantun likitanci da na jinya, irin na Jami'ar Jos da na Vom. Ya kamata kuma a gwada kowace kalma a kunnen masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu kafin a tsayar da ita, a kuma nemi takwararta a Berom da Angas da Fulatanci, domin kalmar da Bakano ya gane nan take ba lalle ne tsohuwar da ta zo daga ƙauyen Filato ta gane ta ba.